Yaya Dakarun Sikotilan Suka Karya Baraden Ingila a Bannockburn?

Tambaya: Malam, na ji an ce a yaƙin Bannockburn rundunar Ingila ta ninka ta Sikotilan, amma ita ta sha kashi. Yaya aka yi haka?

Amsa: Gaskiya ka ji, ɗan'uwa. A ganina fagen da aka gwabza shi ya yanke hukunci. An yi yaƙin ranakun 23 da 24 ga Yuni, 1314, kusa da ganuwar Stirling da 'yan Sikotilan suka yi wa ƙawanya. Kwamandanta na ɓangaren Ingila, Philip Mowbray, ya yi alkawarin miƙa wuya idan ɗauki bai zo ba zuwa 24 ga wata. Wannan wa'adi ne ya janyo Sarkin Ingila, Edward na Biyu, a gurguje, mutanensa a jigace, zuwa filin da Sarkin Sikotilan, Robert Bruce, ya riga ya zaɓa.

Ranar farko wani barden Ingila, Henry de Bohun, ya hango Bruce a kan ɗan ƙaramin doki, ya saita mashi ya sukwano. Bruce ya goce, ya miƙe a kan likkafa, ya sara masa barandami a ka har ƙotar ta karye. A gaban idon mayaƙansa fa aka yi wannan!

Da dare rundunar Ingila ta haye rafin Bannock ta kwana a fadama, wuri matsattse, ruwa a baya. Gari na wayewa sai ga dakarun Sikotilan kafaɗa da kafaɗa, dogayen masu a gaba kamar ƙayar bushiya. A yaƙin Falkirk, a 1298, irin wannan sahu tsayawa ya yi cak, 'yan bakan Ingila suka yi masa ruwan kibau. Bruce ya koyi darasi: ya horar da mutanensa su riƙa matsawa gaba ba tare da sahu ya tsinke ba. Barade suka rasa filin sukuwa, dawakai suka faɗa kan masu, Earl na Gloucester, ɗaya daga manyan jagororin Ingila, ya mutu nan take. Da 'yan baka suka samu gefe suka fara harbi, mahayan Sikotilan ƙarƙashin Robert Keith suka tarwatsa su. Masu gudu da yawa a rafin suka halaka.

Edward ya tsere Dunbar, ya shiga jirgin ruwa. Bruce kuwa ya saki Earl na Hereford, basaraken Ingila da aka kama, aka mayar masa da matarsa Elizabeth da 'yarsa Marjorie, waɗanda suka shekara 8 a hannun Ingila. Duk da haka, sai a 1328 Ingila ta amince da 'yancin Sikotilan a rubuce.