Baba ya rage cin abinci bayan tiyatar dajin tumbi

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Wata biyu ke nan da aka cire wa mahaifinmu tumbinsa gaba ɗaya saboda ciwon daji. Loma uku sai ya ce ya ƙoshi. In ya sha kunu da sukari, zufa ta keto masa, gabansa ya riƙa bugawa. Ya rame, ya daina fitowa cin abinci tare da mu. Yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Da farko, ku daina cika masa kwano. Ma'ajiyar abincin ce aka cire, yanzu abin da ya haɗiye hanji yake wucewa kai tsaye. Ku raba masa abinci sau 6 zuwa 8 a wuni, kowanne kamar cikin ƙaramin kofin shayi, ya tauna har ya yi laushi sosai.

Zufar nan kuwa sukari ne. Abu mai zaƙi in ya afka hanji da sauri yana jawo ruwa daga jini, sai jiri, bugun zuciya ko gudawa cikin minti 10 zuwa 30. Wani lokacin sai bayan awa 1 zuwa 3 sukarin jini ya faɗi, jiki ya ɗau rawa. Don haka a ajiye lemon kwalba, zoɓo mai zaƙi da shayi mai sukari. A ba shi dafaffen ƙwai, kifi, alala, naman kaza mai laushi, da kunun gyaɗa mai kauri ba sukari. Kada ya kora da ruwa yana ci, ya bari sai bayan rabin awa.

Allurar bitamin B12 wajibi ce gare shi har ƙarshen rayuwa, galibi duk wata 3, domin tumbi ne ke samar da sinadarin da ke sa jiki ya tsotse shi. Rashinsa na kawo ƙarancin jini, mutuwar ƙafafu, har da ƙuncin rai. Rama a watannin farko ba abin mamaki ba ce, amma ku riƙa auna nauyinsa duk mako.

Keɓewar nan ta fi damuna. Dattijon da ya saba zama kan tabarma ana cin tuwo tare, yanzu ido ya yi masa yawa, kowa na cewa "daure ka ƙara". Ku zauna da shi ku yi hira, kada ku ƙirga masa loma. In baƙin ciki da rashin barci suka wuce mako 2, ku gaya wa likitansa, akwai magani. Amai ba ƙaƙƙautawa, baƙin bayan gida, zazzaɓi ko abinci na maƙalewa, a kai shi asibiti a ranar.