Tambaya da Amsa: Mene ne aikin likitan tiyatar jijiyoyin jini da ke koyarwa a jami'a?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗalibar likitanci ce a aji huɗu, daga Unguwar Rimi a Kaduna. Bara aka yanke wa kawuna ƙafa saboda ciwon suga, daga baya na ji ana cewa da likitan jijiyoyin jini ya gan shi da wuri, wataƙila da ba a kai ga haka ba. Mene ne aikin irin wannan likita, yaya ake zama shi, kuma wane bincike yake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba kawu lafiya, ya sa kaffara ce. Ban ga ƙafarsa ba, don haka ba zan ce da ta tsira ba, amma tambayarki ta faɗo gidanta.

Da Hausa komai jijiya ne: wadda ke kai ji, wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, da wadda jini ke bi. Ta ƙarshen ce tamu, mai kai jini da mai dawo da shi, ban da na cikin zuciya da ƙwaƙwalwa.

Idan mai suga ya zo da gyambon da ya ƙi warkewa, kafin komai nakan sa ya tuɓe takalmi da safa, ƙafa biyun. In ɗora yatsu a saman ƙafar, sannan a bayan idon sawu ta ciki, in nemi bugun jini. Sai a auna ƙarfin jini a idon sawu a raba da na hannu. Ƙasa da 0.9 alama ce hanya ta tsuke. Sai dai masu suga jijiyarsu kan yi tauri, awon ya fito da kyau alhali ƙafar na cikin yunwar jini, shi ya sa muke komawa auna babban yatsan ƙafa. In an gano inda ya toshe, ko dai a zura siririn bututu mai balan-balan a buɗe wurin daga ciki, ko a ciro doguwar jijiya mai dawo da jini da ke gefen cinya ta ciki a yi wa jini kwana da ita. Akan juya ta kai ƙasa, don tana da ƙofofin da ke barin jini ya bi gefe ɗaya kawai. Zaren ɗinkin bai wuce kaurin gashin kai ba. Ana sakin abin da aka matse jijiyar da shi lokacin ɗinki, ka taɓa ƙafar da ɗazu take sanyi ƙalau ka ji ɗumi na shigowa. Har yau wannan bai gundure ni ba.

Sauran aikin akwai haɗa jijiyoyi biyu a hannu don masu wankin ƙoda, dabarar da likitoci Brescia da Cimino suka wallafa a 1966, da raunin harsashi ko haɗarin mota. Nan agogo ne abokin gaba: gaɓar da jini ya yanke mata kimanin awa shida, tsokarta ta fara mutuwa. Wanda ya karye a hanyar Abuja ya fara biyawa wurin mai ɗori, sau da yawa ya iso mana bayan lokaci ya ƙure.

Hanyar zama irin wannan likita kuwa doguwa ce. Shekara shida a jami'a, shekarar horo a asibiti, bautar ƙasa, sannan horon ƙwarewa a ƙarƙashin Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma ko takwararta ta Najeriya, da jarrabawa hawa uku. A ƙasar nan fannin yawanci yana haɗe da tiyatar zuciya da ƙirji, kuma da yawa kan fita waje su ƙaro ƙwarewa. Malamin jami'a kuma ga zagayen marasa lafiya da ɗalibai, ga lacca, ga rubutu, don da takardun da ka wallafa ake ƙarin girma.

Ɗinkin jijiya da muke yi ya samo tushe daga Alexis Carrel, Bafaranshen da ya ci kyautar Nobel a 1912. A 1990 likita Juan Parodi ya gyara kumburin babbar jijiyar ciki a Ajantina ta hanyar zura bututu daga matsematsi, ba tare da buɗe ciki ba, kuma binciken Turai da Amurka ya karkata can sosai. Ni dai a ganina tambayoyinmu daban ne. Kwana nawa mai gyambo ke yi a gida kafin ya zo, me ya tsare shi? Wace hanya mai araha ma'aikacin ƙaramin asibiti a Kachia ko Birnin Gwari zai bi ya gane ƙafar da ke cikin haɗari? Haɗin jijiyar masu wankin ƙoda wata nawa yake yi kafin ya toshe? Waɗannan ba sa bukatar na'ura mai tsada, sai rajista mai tsafta da naci wajen bibiyar mara lafiya bayan an sallame shi, wanda shi ne wurin da muka fi rauni.

In kina zagaye a asibitin koyarwa na Barau Dikko ko na Shika, ki nemi izinin malaminki ki riƙa duba bugun ƙafar duk mai suga da aka kwantar, kina rubutawa. Ki sani wasu lafiyayyu ma ba a jin bugun saman ƙafarsu, don haka kada ki tsaya a nan, ki laluba na bayan idon sawu.