Baba ya mayar da goro wai kakan yaron mahauci ne, zamu iya ɗaura aure babu shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni budurwa ce a Garwa shekarata 24, akwai wanda yake nemana shekara biyu kenan, malamin lissafi ne a lise, wato makarantar sakandare, baya wasa da sallah kowa a unguwa ya shaide shi. Da manyansa suka kawo goro baba ya karɓe su hannu bibbiyu, bayan kwana uku sai goggo ta binciko wai kakansa mahauci ne a Marwa, shikenan baba ya mayar da goron yace ba zai haɗa jini da 'yan fawa ba. Goggo har saƙon murya ta tura a guruf ɗin dangi na WhatsApp wai 'ya'yana zasu riƙa ƙarnin jini. Yanzu yaron yace mu samu wani malami ya ɗaura mana kawai muje meri, wato ofishin magajin gari, mu sa hannu. Malam ya halatta? Kuma baba yana da gaskiya a shari'a?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata Allah ya yaye miki damuwa. Bari in fara da zancen ɗaurin auren don shi yafi gaggawa, kada ki kuskura kije wani malami ya ɗaura miki aure mahaifinki yana raye yana gari. Hadisin Nana A'isha da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito yace duk macen da tayi aure ba da izinin waliyyinta ba aurenta ɓatacce ne, har sau uku Annabi (SAW) ya maimaita. Kuma a mazhabar Malikiyya da muke kai, budurwar da ubanta yake nan in wani ya tsallake shi ya aurar da ita raba auren ake yi ko an daɗe ko an haihu. Sa hannu a meri kuwa takarda ce ta hukuma tana da amfaninta wajen kare haƙƙi amma bata zama waliyyi. Ki gaya wa yaron nan nace wannan shawarar tashi bata yi ba, shi da ake jifa da zancen asali shine zai miƙa musu sandar dukansa? Gobe goggo tace kun gani ko, dama na faɗa.

Toh sai maganar baba. In dai dalilin da kika faɗa shine kaɗai dalilin, bashi da gaskiya, kuma ina faɗin haka ne da girmama shi.

Abinda malamai suke kira kafa'a, wato dacewar miji da mata, a wajen Imam Malik abu biyu ne, addini da kuma lafiya daga aibobin da ake raba aure saboda su. Haka Shehu Khalil ya kawo a littafinsa Mukhtasar, har ya fito ɓaro-ɓaro yace 'yantaccen bawa da wanda ba ɗan babban gida ba da wanda bai kai matar daraja ba duk tsaran aurenta ne. Da aka tambayi Malik game da auren 'yantattun bayi da 'ya'yan Larabawa aya ta 13 a Suratul Hujurat ya karanta, wadda tace mafi girmanku a wajen Allah shine wanda yafi ku taƙawa. Eh gaskiya ne Hanafiyya da Shafi'iyya suna lissafa nasaba da sana'a, ban ɓoye miki ba, amma ko su ɗin cewa suka yi haƙƙi ne na mace da waliyyinta in sun yafe aure yayi, babu wanda yace jinin mahauci najasa ne. Ibn Hajar kuma duk da shi Bashafi'e ne yace babu hadisi ingantacce a kan lura da nasaba wajen kafa'a.

Ga wanda yafi kusa da matsalarki ma. Abu Hind wanzami ne, shi yake yi wa Annabi (SAW) ƙaho, sai Annabi yace wa Banu Bayada, wani gida daga cikin Ansar, ku aurar wa Abu Hind kuma ku nemi aure a gidansa. Abu Dawuda ya ruwaito. Wanzami fa, mai zuƙar jini da ƙaho, kinsan yadda mutanenmu suke ɗage hanci in ance ɗan wanzamai ne. Zainab 'yar Jahshi 'yar goggon Annabi ce aka aurar da ita ga Zaidu 'yantaccen bawa, Fatima 'yar Ƙaisu Baƙuraishiya Annabi da kansa yace ta auri Usama ɗan Zaidun. Shi yasa hadisin Tirmizi yace in wanda kuka yarda da addininsa da halinsa yazo muku ku aurar masa, in baku yi ba fitina zata auku a ƙasa da ɓarna mai faɗi. Fitinar ai gata nan mun fara gani, yarinya mai tarbiyya tana tambaya ko ta gudu.

Abinda yake bani mamaki da mu Hausawan Kamaru, mu ɗin nan mun san zafin abin. Wanene a cikinmu bai taɓa jin an kira shi kaɗo ba, wato wanda ba Bafulatani ba, a Garwa ko Ngaundare, ko ɗan uwansa yaje neman aure wani gidan Fulani aka yi masa murmushi aka ce a dawo bayan sallah, sallar da bata zuwa? In akayi mana sai mu zauna a majalisa muna ta Allah wadai muna karanto ayar Hujurat, sai kuma mu shiga gida muyi wa ɗan mahauci irinta sak. Kuma wannan ƙyamar ba daga littafi ta fito ba, kije duwatsun Mokolo zaki tarar a al'adar Mafa maƙera basa auratayya da sauran jama'a tun kaka da kakanni, abu ne na gargajiya da kowace ƙabila take da irin nata, mu sai muka naɗa wa namu rawani muka ce addini ne. Alhali Annabi Dawuda sulke yake ƙerawa da hannunsa, Annabi Zakariyya kafinta ne kamar yadda yazo a Muslim.

Ita kuwa goggo, naman da ke tukunyarta wa ya yanka? Kullum ta yarda da bisimillar mahauci a kan wuƙa, ta damƙa masa halaccin abinda zai shiga cikinta da na 'ya'yanta bata taɓa cewa a kawo shaida ba, ranar layya kuma har roƙonsa ake yazo ya feɗe rago kafin rana tayi zafi, amma jikansa mai koyar da lissafi shine mai ƙarni. Sukar nasaba tana cikin abubuwa huɗu na jahiliyya da Annabi yace al'ummarsa ba zata bari ba, hadisin yana Muslim. Abinda ta tura a guruf giba ce da cin zarafi, wajibi ta goge ta tuba ta nemi yafiyar mutanen, duk wanda ya tura gaba shima ya ɗebi rabonsa. Ke dai kada ki mayar mata da martani a can, a waya kowa zaki ne.

Yanzu abin yi. Malamanmu sunce uba ba'a yanke masa hukuncin mai hana aure don ya mayar da manemi ɗaya ko biyu, sai an tabbatar cutarwa yake nufi ko hanin ya zama cutarwa, saboda galibi uba yafi kowa tausayin 'yarsa. Don haka ki fara bincika ta wajen mama ko akwai wani abu da baba ya sani game da yaron ya ɓoye a bayan zancen fawa, yana faruwa sosai. In babu, ki samu baffanki ko kawunki wanda baba yake jin nauyinsa su haɗu da limamin masallacin da yake sallah su same shi shi kaɗai bayan isha'i, ba a gaban goggo ba, don sau tari dattijo ya riga ya gane kuskure janyewa a gaban mata ne yake masa nauyi. Su karanta masa labarin Ma'aƙil bin Yasar da ya rantse ba zai mayar da ƙanwarsa ga tsohon mijinta ba, da aya ta 232 a Baƙara ta sauka take ya sauko yayi kaffara ya aurar. A bashi wata biyu ko uku, manyan yaron su sake dawowa da goro.

In duk anyi haka ya kafe kuma ya furta a gaban shaidu cewa asali ne kaɗai dalilinsa, to sai a kai maganar gaban alƙalin fadar lamiɗo, shi zai kira baba ya umarce shi ya aurar, in yaƙi alƙali ne yake da ikon ɗaurawa, ba malamin da yaro ya samo a bayan gari ba.

Wallahu a'alam.