Nayasinamaid ba bilicin ba ne, amma sai an yi haƙuri da shi

'Yar'uwa, kin ce ƙuraje sun bar miki baƙaƙen tabo a kumatu, an ba ki shawarar shafa nayasinamaid, kina kuma tsoron kada ya zama bilicin ne aka sauya wa suna. Ki kwantar da hankalinki, ba shi ba ne. Wani nau'i ne na bitamin B3, wanda za ki ga an rubuta Niacinamide ko Nicotinamide a jikin kwalba. Ba ya hana fata samar da melanin, wato sinadarin da ke ba ta launi, sai dai yana rage yawan wanda ke haurowa zuwa saman fata, shi ya sa tabo ke dusashewa sannu a hankali ba tare da fuska ta yi fari fat ta bar wuya a baya ba.

Inda nake so ki fi lura shi ne ƙarfin wanda za ki saya. Masu kashi 10 cikin 100 sun cika kasuwa, alhali yawancin binciken da aka yi a kansa tsakanin kashi 2 zuwa 5 ne. Wani bincike da aka wallafa a 1995 ya nuna cewa mai kashi 4 ya yi kafaɗa da kafaɗa da maganin shafawa na kilindamaisin wajen rage ƙurajen fuska. Ni dai da na gwada mai kashi 10 a tsakiyar hunturu, gefen hancina ya yi ta raɗaɗi yana ɓarewa kamar garin alli, amma da na koma mai kashi 5 ina ɗora man da ke riƙe danshi a kansa, sai komai ya lafa. Abin da na fara gani shi ne raguwar maiƙo a goshi. Tabon kuwa sai da aka haura wata biyu kafin na ga bambanci a madubi.

Ki fara gwada ɗan kaɗan a bayan kunne, idan bai yi ƙaiƙayi ba sai ki shafa a fuska bayan kin wanke ta. Da rana lallai ki haɗa da man kariya daga hasken rana mai SPF 30 ko sama da haka, domin rana ce ke ƙara wa tabo duhu a fata irin tamu, kuma idan babu wannan kariyar kuɗinki kawai za ki yi asara.

Ina roƙonki ki guji haɗin da ake durawa a roba babu lambar NAFDAC. Duk man da ya haska ki cikin mako guda, akwai yiwuwar an cakuɗa masa sinadarin bilicin na haidirokwinon, ko kuma maganin sitiroid wanda ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito. Idan kuma ƙurajen manya ne masu zafi da ke barin rami, ki fara ganin likitan fata, domin nayasinamaid shi kaɗai ba zai wadatar ba.