Mai cewa "ban sani ba" game da Allah, mulhidi ne?

Ɗan'uwa, ka ce abokinka na jami'a bai ce akwai Allah ba, bai kuma ce babu ba, sai dai "ban sani ba", kana tambaya ko ya zama mulhidi. Akwai bambanci. Mulhidi ya riga ya yanke cewa babu. Matsayin abokinka Larabawa ke kira la'adriyya, daga "la adri", wato "ban sani ba". Turawa kuma agnostik, kalmar da masanin halittu Thomas Huxley ya ƙirƙira a Ingila a 1869, don a ganinsa bai dace mutum ya ce ya tabbatar da abin da ba shi da hujjarsa ba.

Ni Musulmi ne, ban yarda da wannan matsayi ba. Amma saurin korar irinsa yana damuna ƙwarai. Imam Ghazali da kansa ya ba da labarin kusan wata biyu da ya yi cikin shakka, har yana tuhumar abin da idonsa ke gani, kafin Allah ya yaye masa. Don Allah kada ka tona shi a Facebook, ka san yadda irin maganar nan ke tayar da fitina a wurinmu. Ku zauna bayan Isha'i, ku sha shayi, ka tambaye shi inda shakkar ta samo asali.