Kafin ka taho Amurka sassaƙa ƙotar bindiga

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka ga hotunan ƙotar fistol da nake sassaƙawa masu tambarin soja, kai kuma kafinta ne mai hannu, saboda haka kana so ka nemi bizar karatu, in ka sauka ka riƙa wannan aiki kana biyan kuɗin makaranta. Ba kai ne na farko da ya kawo mini wannan lissafi ba, kuma duk a wuri ɗaya yake karyewa: takarda.

Bizar ɗalibi, F-1, ba ta ba ka damar buɗe sana'ar kanka ba. Abin da aka yarje maka da farko shi ne aiki a cikin makaranta, awa 20 a mako idan ana karatu. Ka sayar da ƙota guda daga ɗakinka, ka yi aiki ba izini, kuma wannan kaɗai ya isa a soke zamanka. Ƙota ba bindiga ba ce a idon dokar tarayya, amma dokar ta hana mai bizar wucin gadi riƙe bindiga, sai a wasu 'yan halaye kamar mai lasisin farauta. To yaya za ka gwada aikinka a jikin abin da ba a yarda ka riƙe ba? Ni sai da katin zama na dindindin ya shiga hannuna na fara, bayan shekarun da na yi ina goge ƙofofin kabad a masana'antar wani. Wanda ya ce maka ka shigo kawai za a san yadda za a yi, ba shi za a tasa ƙeyarsa ba.

Aikin kansa ina son sa, ba zan ɓoye maka ba. Yawancinsa a kan bindiga ɗaya yake, M1911, wadda John Browning ya ƙera, sojan Amurka suka ɗauke ta a 1911, suka riƙe ta har 1985 da Beretta M9 ta gaje ta. Ƙotarta fallen katako biyu ne, kowanne da sukuru biyu, shi ya sa kowa yake iya sauya nasa. Irin su Glock da suka cika gari jikinsu roba ne a haɗe, babu abin kwancewa, don haka kasuwarmu ba ta kai faɗin da kake hange ba. Kuma na masana'anta yana nan da arha, injin CNC (mai sassaƙa da kwamfuta) da leza suna fitar da ɗari kafin ka gama guda.

Katakon kaurinsa bai wuce kwatan inci ba. A ciki za ka haƙa gurbin tambari, ka zaunar da tagulla ko azurfa daidai da fuskar katakon, yadda in mutum ya rufe ido ya shafa da yatsa ba zai ji inda ƙarfe ya fara ba. Ka zurfafa kaɗan, ka ɓulla ta baya. Ka matse gurbin, ya tsage wajen ramin sukuru. Ɗanyen katako kuwa dukan mako za ka yi a banza: dole ya bushe, danshinsa ya sauka wajen kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, in ba haka ba hunturu na shigowa, a kunna na'urar ɗumama gida, ya tsuke, tambarin ya taso. Sannan ga zanen sarƙa da ake yankawa don kada hannu ya zame, layi 18 ko 20 a kowane inci. Layi ɗaya ya karkace, sauran duk su bi shi.

Walnat shi ne katakon asali. Masu kuɗi sun fi son kokobolo na Amurka ta Tsakiya, ja mai mai a jiki, amma ƙurarsa tana cin fata. Ta taɓa kumbura mini fatar ido da hannuwa har na kasa riƙe magagari, kuma mai sana'ar kansa a nan shi ke sayen inshorar lafiyarsa. Tun 2017 danginsa suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya ta kare itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, katakonsa da ba a sarrafa ba ba ya ƙetare iyaka sai da takarda. Hauren giwa kada ma ka kawo shi a ranka, tun 2016 aka kusan rufe cinikinsa gaba ɗaya. Tamburan sojan ma ba na banza ba ne. Mikiya da ƙwallon duniya da anga na rundunar Marin, sojan kundumbala na ruwa, alama ce mai rajista, sai ka karɓi lasisi kafin ka sayar da abin da ke ɗauke da ita. Abin da ya rage maka na riba kuma, harajin mai aikin kansa kashi 15.3 ne, ban da harajin kuɗin shiga.

Amma abin da ya fi yi mini ciwo ba kuɗi ba ne. Masu sayen kayanka 'yan mazan jiya ne da 'ya'yansu, da yawa sun yi Iraƙi da Afganistan. A wani bajekolin bindigogi wani ya ɗauki ƙotar da na yi mai kan mikiyar runduna ta 101, ya juya ta yana yabawa, ya ciro walat. Da ya karanta sunana a kati sai ya ajiye ta a hankali, ya goge hannunsa a wando, ya wuce. Ban ce komai ba, amma ranar ban iya cin abinci ba. Akwai kuma masu zuwa suna so a dasa musu "kafiri" da rubutun Larabci, ko gicciyen 'yan Salibiyya, wani ma yana kallon idona yana jiran ya ga abin da zan yi. Ina mayar da irin wannan aiki, ko nawa ne. Kai ma sai ka zauna da kanka tun kana gida ka san abin da hannunka zai yarda ya sassaƙa, domin ranar da kuɗin haya ya taso ba ranar fara wannan tunani ba ce.

Cikin mutanen nan dai na samu waɗanda suka riƙe ni da mutunci. Wata dattijuwa ta kawo mini bajen mijinta na yaƙin Biyetnam a cikin hankici, ta ce in dasa shi don jikanta. Abu ne da babu na biyunsa a duniya, ta danƙa wa baƙo. Da ta zo karɓa ta daɗe tana shafa shi ba ta yi magana ba, kuma ta hanyarta mutanen rundunar mijin suka san ni. Yanzu duk watan Nuwamba, da bikin Marin na ranar 10 da ranar tsofaffin soja ta 11, sai na daina karɓar aiki tun da wuri. Babu wanda ya ba ni wannan suna, da cizal na same shi.

Idan karatu kake so, ka zo ka yi karatu da kuɗin da ka tanada tun daga gida. Idan wannan sana'a ce ta shiga ranka, ba sai ka taɓa bindiga ba kafin ka koye ta. Ka fara da ƙotar wuƙa da murfin ƙaramin akwati, ka dasa tagulla har yatsa ya daina jin gaɓa. Ka ɗauki hoton uku daga kusa, da rana, ba tare da ka shafa musu mai ba, ka turo in duba.