Amsa: Ta ina wanda ya tashi a gidan da ba a yin addini yake sanin addini?

Assalamu alaikum. Malam, ka yi tambaya a kan Baturen da kuke haya gida ɗaya a Ingila, wanda ya shaida maka cewa a gidansu ba a taɓa yin addu'a ko zuwa coci ba, kuma duk lokacin da zancen addini ya taso sai ya yi dariya ya kawo maganar masu wa'azin talabijin da ke roƙon kuɗi. Kana son sanin ta wace hanya irin waɗannan mutane suke cin karo da addini, da kuma dalilin da ya sa mai wa'azin talabijin ne yake fara zuwa bakinsu. Na daɗe ina aikin jinya a gidajen kula da tsofaffi a arewacin ƙasar, kuma yawancin abokan aikina daga irin gidajen da ka ambata suka fito, saboda haka zan faɗa maka abin da na fahimta.

Da farko ka sani cewa abokin zaman naka ba shi kaɗai ba ne. A ƙidayar jama'a ta 2021 a Ingila da Wales, kashi 37 cikin ɗari, wato sama da mutum miliyan 22, sun rubuta cewa ba su da addini, alhali a 2011 kashi 25 ne, kuma a karon farko masu kiran kansu Kirista suka gaza rabin jama'a. Da yawa daga cikin matasan ba su taɓa shiga addini ba balle a ce sun fita. Kakanni ne suka daina zuwa coci, iyaye suka tashi da ɗan abin da ya rage, jikoki kuwa suka tarar da gida wayam.

Duk da haka addini yana riskarsu a gutsure. Wuri na farko shi ne makaranta, domin dokar ilimi ta 1944 ta wajabta taron ibada kullum a makarantun gwamnati, ta 1988 kuma ta ce yawancinsa ya kasance bisa tsarin Kiristanci, ko da yake makarantun sakandare da yawa sun yi ko oho da wannan. Akwai kuma darasin addinai, inda ake kai yara ziyara coci da masallaci da wurin ibadar mabiya Sikh. Za ka samu mutum ya iya jero maka shika-shikan Musulunci biyar saboda ya haddace su don jarrabawa, amma bai taɓa zama da wanda ya tashi da asuba cikin sanyi don ya yi salla ba. A watan Disamba kuma yaran firamare suna wasan kwaikwayon haihuwar Annabi Isa, a ɗaura wa yaro tsumman goge kwano a ka ya zama makiyayi, iyaye su ɗauki hoto, shi ke nan sai baɗi. Bayan wannan sai jana'izar kaka, inda za ka ga 'yan'uwa suna satar kallon juna don su san lokacin miƙewa da na zama, sai kuma Shaidun Jehobah da ke ƙwanƙwasa ƙofa da safe.

Maganar talabijin kuwa tana da tarihi, kuma daga Amurka ta samo asali. Ita Ingila wa'azinta na talabijin mai sanyi ne. BBC tana da shirin waƙoƙin coci na ranar Lahadi mai suna Songs of Praise tun 1961, kuma matasa suna ɗaukarsa shirin tsofaffi. Abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne badaƙalar da ta auku a Amurka cikin 'yan shekaru kaɗan. A 1986 aka tona asirin Peter Popoff, wanda yake kiran sunayen marasa lafiya da cututtukansu a cikin taro kamar wahayi ake yi masa, ashe matarsa ce take karanto masa bayanan ta wata 'yar na'ura da ke cikin kunnensa. A 1987 Oral Roberts ya gaya wa masu kallonsa cewa Allah zai ɗauki ransa idan ba a tara dala miliyan 8 ba kafin ƙarshen watan Maris, kuma an tara. A 1988 Jimmy Swaggart ya tsaya gaban kyamara yana kuka yana neman gafara bayan an kama shi da karuwa, sannan a 1989 kotu ta yanke wa Jim Bakker ɗaurin shekara 45 saboda damfarar mabiyansa, ko da yake daga baya an rage. Jaridun Ingila sun yi ta yayata waɗannan labarai, masu barkwanci suka samu abin yi, har ta kai wanda aka haifa bayan shekarun ma ya gaji hoton mutum mai kwat mai tsada, yana zufa, yana ɗaga hannu, lambar waya tana gudu a ƙasan allo. Dariyar da abokinka yake yi daga nan ta fito, ko da bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Hukumar Ofcom da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin ta haramta wa shirye-shiryen addini cin amfanin raunin masu kallo, amma tashoshin tauraron ɗan'adam suna da yawa, kuma dare yana da tsawo ga wanda ba shi da kowa. Akwai wata tsohuwa da na yi jinya, wadda ta ce rabonta da coci tun ranar aurenta. Ciwon gaɓɓai yana hana ta barci, sai ta kunna talabijin wajen ƙarfe uku na dare, mai wa'azi yana duban kyamara yana cewa ya san akwai wadda take kwance cikin ciwo a wannan lokaci. Ta aika da adireshinta, aka turo mata wata 'yar leda da ruwa a ciki, daga nan wasiƙu suka yi ta zuwa ɗauke da sunanta, kowace tana neman kuɗi, abin da suke kira iri da za ta shuka. 'Yarta ta gano su a cikin aljihun teburin gefen gado, ta fito baranda tana rawar jiki don fushi, tana cewa wannan shi ne addini. Ita kuwa tsohuwar abin da ta gaya mini shi ne, shi kaɗai ne yake yi mata magana da dare. A ganina kowace a cikinsu tana da hujja, sai dai 'yar ba ta da wani addinin da ta sani wanda za ta auna wannan da shi.

A nan ne bambancinmu da su yake. Mu ma mun tashi da wa'azi a akwatin rediyo, tun zamanin da gidan rediyon Kaduna yake watsa tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello, har zuwa tashoshin wa'azi da suka cika tauraron ɗan'adam a yau. Amma mu muna jin malamin rediyo ne bayan makarantar allo, da limamin unguwa, da mahaifiya da ke tashinmu sahur. Idan wani ya zo da abin da hankali bai ɗauka ba, muna da ma'auni a gida, mu ce wannan malamin ne ya kauce. Wanda ya tashi ba tare da wannan ba, mai wa'azin da ya gani a allo shi ne addinin gaba ɗaya.

Kada kuma mu ɗauka abin ya tsaya kan Kiristocin Amurka. A 2010 gwamnatin Birtaniya ta hana Zakir Naik, mai wa'azin Musulunci ɗan Indiya, shiga ƙasar, daga baya kuma Ofcom ta ci tarar tasharsa ta Peace TV, kuma a farkon 2024 BBC ta fitar da bincike mai ɗauke da zarge-zarge masu nauyi kan marigayi T.B. Joshua na Legas. Ga 'yan shekara ashirin ma talabijin ɗin ta zama tsohon yayi, abin da suke gani shi ne gajerun bidiyoyin muhawara a YouTube da TikTok, inda ake ihu a dandalin Hyde Park na Landan kowa yana neman kunyata ɗan'uwansa.

Abin da na ga yana sa su tsaya su yi tambaya da gaske shi ne mutumin da ke kusa da su. A kowane azumi sai wata abokiyar aiki ta zaro ido ta tambaye ni ko ruwa ma ba a sha, kuma daga wannan tambayar ake shiga dalilin azumin, da zakka, da abin da muke cewa game da mutuwa, wanda a wurin aiki irin namu kullum yana gabanmu. Saboda haka shawarata ita ce kada ka tura masa bidiyon wani malami, domin zai sa shi a layi ɗaya da waɗanda yake yi wa dariya. Idan ya kawo zancen masu roƙon kuɗi, ka yarda da shi a inda yake da gaskiya, tunda mu ma muna da irinsu kuma muna sukarsu. Ka bar shi ya ga sallarka ba tare da ka yi masa bayanin da bai nema ba, ka kira shi buɗa-baki idan azumi ya zo, kuma ka amsa iyakar abin da ya tambaya. Idan ya nuna yana son ganin masallaci, ƙungiyar Muslim Council of Britain tana shirya ranar buɗe masallatai ga baƙi tun 2015, kuma masallatai da yawa suna karɓar mai ziyara a kowane lokaci idan an sanar da su tukuna.